Jagora ga Mahayin da Ke Shirin Ƙaura Zuwa Wata Ƙasa Domin Gasar Dawaki Mai Fanni Uku

A gasar Olamfik ta birnin Paris a shekarar 2024, tawagar Japan ta ci lambar tagulla a gasar dawaki mai fanni uku, wadda ake kira ibentin, alhali rabon ƙasar da samun lamba a wasan dawaki na Olamfik tun 1932. Mahayan da suka kawo wannan lamba a Ingila suke zaune a lokacin, a can suke horo, a can kuma dawakinsu suke ɗaure. Noor Slaoui, wadda ta hau wa Maroko a wannan gasa, ita ma a Ingila take, Fouaad Mirza na Indiya kuwa daga Jamus ya yi shirin gasar Olamfik ta Tokyo. Dalilin a fili yake: manyan gasanni, da ƙwararrun masu horarwa, da masu kuɗin da ke sayen dawaki su danƙa wa mahaya, sun taru ne a yammacin Turai da gabashin Amurka, saboda haka wanda yake ƙasar da ba a cika yin gasar ƙasa da ƙasa ba sai ya kwashe shekaru yana neman sakamakon da takwaransa na Ingila zai tara cikin kakar gasa ɗaya.

A ganina, abin da ke bambanta ƙaurar da ta yi albarka da wadda ta ƙare da bashi da gurgun doki shi ne jerin da aka bi wajen shirinta. Mahayi ya fara sanin matsayinsa, sannan ya sami mai horarwa, sannan takardu, doki ya zo daga baya. Jagorar nan a kan wannan jeri take.

Mataki na farko: sanin inda aka tsaya a kan tsanin gasar

Gasar tana gwada doki ɗaya da mahayi ɗaya a fannoni uku. Na farko gwajin ladabi ne a cikin fage, inda alƙalai ke ba da maki kan yadda doki ke bin linzami da ƙafar mahayi, sai a cire kason da aka samu daga 100, abin da ya rage ya zama makin laifi, wato wanda ya sami kashi 70 ya fara da laifi 30. Na biyu shi ne ratsa daji a sukwane, ana tsallake shingaye masu kafe, da ramuka, da ruwa. Na uku tsallaken sanduna ne a cikin fage, inda kowace sanda da ta faɗi take jawo laifi 4. Wanda ya fi ƙarancin laifi a ƙarshe shi ne ya ci, kuma maza da mata tare suke fafatawa ba tare da an raba su ba.

A fannin ratsa daji ne ake yin babbar asara. Idan doki ya turje a gaban shinge, laifi 20 ne. Idan ya sake turjewa a shingen nan, a ƙara 40. Turjiya ta uku kuwa fita ce daga gasar, haka ma faɗuwar mahayi. Kowace daƙiƙa da aka ƙara a kan lokacin da aka ƙayyade tana jawo 0.4. A matakin ƙoli ana bukatar gudun mita 570 a minti ɗaya na tsawon minti 11 zuwa 12, shingayen kuma suna kaiwa mita 1.20.

Hukumar wasan dawaki ta duniya, FEI, wadda aka kafa a 1921 kuma take da mazauni a Lausanne ta Suwizalan, ta jera gasannin daga tauraro ɗaya zuwa biyar tun 2019, mafi yawansu kuma suna da gajeren tsari da dogon tsari. Ba a tsallake mataki. Kafin a haura sama sai mahayi da dokinsa sun tara adadin sakamakon cancanta da doka ta tanada, kuma sakamako yana shiga lissafi ne idan laifin gwajin ladabi bai wuce 45 ba, doki bai turje a daji ba, ba a wuce lokaci da fiye da daƙiƙa 75 ba a matakan da ke ƙasa da ƙoli, kuma laifin sanduna bai haura 16 ba. Akwai ƙa'idar shekaru ma: doki sai ya kai shekara 7 kafin tauraro huɗu, 8 kafin tauraro biyar, mahayi kuma 18. FEI tana sabunta waɗannan dokoki duk shekara, don haka a karanta na shekarar da ake ciki. Aikin mahayi a wannan mataki shi ne ya buɗe tarihinsa da na dokinsa a rumbun bayanan FEI, ya rubuta sakamakon da yake da su da waɗanda suka rage masa, domin wannan takarda ce duk wani mai horarwa zai fara dubawa kafin ya saurari buri.

Mataki na biyu: zaɓen ƙasa, da zaɓen barga wanda ya fi shi muhimmanci

Ingila ce ta fi jan baƙi, kuma ba yau aka fara ba. Mark Todd na Niyu Zilan ya ci Badminton, ɗaya daga cikin manyan gasannin Ingila, a 1980 a zuwansa na farko, daga baya ya ci zinaren Olamfik a 1984 da 1988 a kan doki mai suna Charisma. Andrew Nicholson, ɗan ƙasarsu, ya yi zamansa a yankin Wiltshire, ya ci Burghley, wata babbar gasar Ingila, sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014 a kan doki mai suna Avebury, amma Badminton sai a 2017 ya same ta bayan shekaru masu yawa yana nema. Tim da Jonelle Price, su ma 'yan Niyu Zilan, sun sauka Ingila a 2005, kuma sai a 2018 Jonelle ta ci Badminton, Tim ya ci Burghley, shekara goma sha uku ke nan bayan saukarsu. Ina kawo waɗannan shekaru ne domin mai shirin tafiya ya auna tsawon zaman da ke gabansa. Abin da Ingila ke bayarwa shi ne yawan gasa: kaka tana farawa a Maris ta ƙare a Oktoba, kusan kowane ƙarshen mako akwai inda za a je, daga ƙananan matakai na shingen santimita 80 har zuwa Badminton a Mayu da Burghley a Satumba. Abin da take karɓa kuwa shi ne tsada, da ruwan sama da kan sa a soke gasa, da cunkoson da kan sa a mayar wa mutum da takardar shigarsa.

Jamus ta yi fice wajen gwajin ladabi da tsallaken sanduna, kuma can ne gidan Michael Jung, wanda ya ci zinaren Olamfik na ɗaiɗaikun mahaya sau uku, a 2012 da 2016 da 2024. Tana da gasar tauraro biyar a Luhmühlen a watan Yuni. Faransa tana da Pau a Oktoba, da makarantar hawan doki ta Saumur, da Le Lion d'Angers inda ake gasar duniya ta dawaki 'yan shekara 6 da 7. Wanda ya zauna a ɗaya daga cikin ƙasashen biyu yana iya zuwa gasannin Beljiyam da Holan da Polan a mota ba tare da wahalar iyaka ba. A Amurka kuwa, Phillip Dutton ya baro Ostiraliya a 1991 ya zauna a jihar Pennsylvania, Boyd Martin ya biyo shi a 2007 ya fara da yi masa aiki. A can nisa ne matsala, domin mahaya da yawa sukan kwashe dawakinsu zuwa garuruwan Aiken ko Ocala da ke kudu lokacin sanyi, sannan su dawo arewa, wato kuɗin zama biyu a shekara ɗaya.

Duk da haka, ƙasa ba ta koya wa kowa hawa. Wanda ke tsaye a tsakiyar fage yana gyara wa mutum zama da hannu shi ne malami. Da ɗan gari akan ci gari, kuma mai horarwa nagari shi ne zai san gasar da ƙasarta ke da taushi, da likitan dabbobin da za a kira da tsakar dare, da mai dokin da ke neman sabon mahayi. A nan ina ba da shawara mai ƙarfi cewa kada a zaɓi barga saboda sunan mai ita kawai. Babban mahayi da ke tsakiyar tashensa yakan kwana a hanya rabin kaka, baƙon da ya zo koyo kuma sai ya wuni yana kwashe kashin doki bai ga malaminsa ba. Wanda ya rage shiga gasa ya koma koyarwa yakan fi ba da lokaci.

Hanyar tantancewa ita ce ziyara. Mahayi ya je na mako biyu ko uku ba tare da dokinsa ba, ya ga yadda ake ciyarwa, da yawan lokacin da dawaki ke yi a makiyaya, da inda ake sukuwar ƙarfafa numfashi, da yadda ake magana da ma'aikata. Ya dubi ƙafafun dawakin da suka daɗe a wurin, ya tambayi shekarunsu, domin bargar da ke da dawaki 'yan shekara goma sha biyar suna gasa lafiya ta riga ta ba da shaidar kanta. Ya kuma nemi waɗanda suka taɓa zama a wurin suka tashi, ya ji ta bakinsu.

Mataki na uku: yarjejeniya a rubuce da izinin zama

Baƙi da yawa sukan fara ne da zaman ɗalibi mai aiki, wato su yi hidimar barga a ba su ɗaki da darasi, wani lokaci da wurin ɗaure doki ɗaya. Tsari ne mai amfani, amma shi ne kuma aka fi cutar mutane a cikinsa, saboda haka komai ya shiga takarda: awa nawa ake aiki, ranar hutu, darasi nawa a mako kuma wa zai bayar, wa zai biya abinci da takalmin doki da likita, nawa ne kujerar doki a motar zuwa gasa, kuma kwana nawa ake bayarwa kafin rabuwa. Wanda zai yi hayar ɗakunan barga ya tsaya da ƙafarsa, ya tabbatar ko kuɗin hayar ya haɗa da fagen horo da makiyaya.

Batun biza ba a yi masa kwana-kwana. A ƙasashe da yawa, hidimar da aka yi domin ɗaki da darasi aiki ce a idon doka, kuma bizar ziyara ba ta halatta ta ba. Birtaniya tana da bizar 'yan wasa na ƙasa da ƙasa wadda ke bukatar amincewar hukumar wasan ta ƙasar, Amurka tana da bizar P-1 ga 'yan wasan da aka sani a duniya, ƙasashen Turai na yankin Shengen kuma suna barin mai ziyara ya yi kwana 90 ne kacal cikin kowane kwana 180. Wannan doka ta ƙarshe takan kama waɗanda ke zaune a Ingila suna ƙetarawa Turai gasa. A nemi lauyan shige da fice tun kafin a sa ranar tafiya.

Game da kuɗi, a yi lissafin shekara guda cur ba tare da an sa ladan gasa a ciki ba, domin a ƙananan matakai ladan sau da yawa ba ya mayar da kuɗin shiga da na mai. A sa inshorar lafiyar mahayi wadda ta ambaci gasar dawaki ƙarara, da ta doki, da ta ɓarnar da doki zai iya yi wa wani.

Mataki na huɗu: hukumar gida

Mahayi ba ya shigar da kansa gasar FEI. Hukumar wasan dawaki ta ƙasarsa ce ke shigar da shi, ita ce kuma ke sabunta rajistarsa da ta dokinsa kowace shekara. Don haka kafin tashi ya san wanda ke riƙe da wannan aiki a ofishin, ya aika masa jadawalin kaka tun da wuri, ya kuma karɓi takardar izinin shiga gasannin cikin gida na ƙasar da zai zauna. Wanda ƙasarsa ba ta da gogewa a wannan fanni sai ya riƙa tunatarwa da kansa kafin ranar rufe shiga.

Mataki na biyar: doki

Tambayar farko ita ce ko ya dace a tafi da dokin ma. Idan doki ya riga ya tara sakamakon cancanta tare da mahayinsa, kuma yana da ƙuruciya da ƙafafu masu lafiya, ɗaukarsa yana da ma'ana. Idan kuwa ya kusa iyakar abin da zai iya, kuɗin jirgi da killacewa sun fi amfani wajen sayen ƙaramin doki a inda aka sauka. Na san rabuwa da dokin da mutum ya raina tun yana ɗan duƙushi ba ta da sauƙi, amma ɗora masa tafiyar da ba za ta amfane shi ba ita ma ba ƙauna ba ce.

Dokokin lafiyar dabbobi ba sa sassauci ga kowa, har Olamfik: a 1956, lokacin da aka yi gasar a Melbourne, sai a Stockholm aka gudanar da wasannin dawaki saboda dokar killacewa ta Ostiraliya. Kowace ƙasa tana da jerin cututtukan da take gwadawa. Amurka, alal misali, tana gwada jinin doki don zazzaɓin da kaska ke yaɗawa, kuma doki yana iya ɗauke da shi ba tare da wata alama ba, saboda haka a yi gwajin a gida tun kafin a biya kuɗin jirgi. Goɗiya da dokin da ba a dandaƙe ba sukan yi ƙarin zaman killacewa a can saboda wata cuta da ake ɗauka wajen barbara. Dawakin da ke fitowa daga ƙasashen da ke da annobar dawaki ta Afirka, wadda ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa, su ne suka fi shan wuya, domin sau da yawa sai sun yi doguwar killacewa a wata ƙasa ta uku. Tun farkon 2021 kuma, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, ƙetarawa da doki tsakanin ɓangarorin biyu yana bukatar takardar lafiya daga likitan da gwamnati ta amince da shi, da takardun kwastan, da tsayawa a tashar bincike. Wannan aiki na kamfanonin jigilar dawaki ne, kuma kuɗin da aka ba su bai tafi banza ba.

Doki yana bukatar fasfonsa, da ɗan guntun na'urar shaida da ake sa masa a wuya, da allurar murar dawaki wadda FEI ta ce a yi cikin wata shida da kwana 21 kafin gasa, amma ba cikin kwana bakwai na ƙarshe ba. A jirgi ana sa dawaki biyu ko uku a akwati ɗaya, kuma filin jirgin Liège na Beljiyam yana cikin manyan mashigarsu a Turai. Babban haɗarin doguwar tafiya ciwon huhu ne, wanda ke tasowa idan doki ya daɗe kansa a ɗaure sama bai sunkuya ya fitar da majina da ƙura ba. Maganinsa a sassauta ragama, a jiƙa ingirici, a yawaita ba da ruwa, sannan bayan sauka a riƙa auna zafin jikinsa safe da yamma har mako guda, a kira likita da zarar ya hau.

Mataki na shida: kakar farko

A nan ne haƙuri ke ƙarewa mutane. An kashe kuɗi, na gida suna jiran labari, sai mahayi ya ji dole ya nuna wani abu da wuri. Doki kuwa yana fama da sabuwar ciyawa, da sabon ruwa, da sabuwar ƙasa a ƙarƙashin kofatonsa, idan ma daga kudancin duniya ya zo to ya bar bazara ya faɗa hunturu da gashin da bai dace ba. A canza masa abinci sannu a hankali cikin mako biyu don gudun ciwon ciki, a fara da tafiya da ƙilisa mai sauƙi, a bar sukuwa sai jiki ya dawo. Dokin da ya saba da busasshiyar ƙasa yakan ja jijiya a cikin taɓo, wanda ya saba da taushi kuma yakan yi ɗingishi a kan tauri, don haka a zauna da mai sa takalmi a tattauna irin ƙusoshin da ake ɗaura wa takalmin don hana santsi.

Gasar farko ta zama mataki ɗaya, ko ma biyu, ƙasa da wanda aka saba a gida. Suna ɗaya ne a takarda, amma yadda masu tsara hanya ke jera shingaye ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma turjiya ko faɗuwa a farkon zuwa tana zama a tarihin da kowa ke iya gani, ta kuma karya zuciyar doki. Wannan wasa yana kashe mutane. A 1999 mahaya biyar suka rasu a gasanni a Birtaniya, abin da ya jawo aka sake duba tsaro, aka fara sa wa wasu shingaye makullin da ke sakin gungume idan doki ya buge shi da ƙarfi, domin rage irin faɗuwar da doki ke wuntsilawa ya danne mahayi. Sakin wannan makulli laifi 11 ne. Hular kwano da rigar kariya su kasance masu cika ma'aunin ƙasar da aka je, domin akan duba su. A taka hanyar daji a ƙafa sau biyu ko uku, sau ɗaya aƙalla tare da mai horarwa.

Magunguna ma a kula. A dokar FEI mahayi ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jinin dokinsa, ko da wani ne ya ba shi. A barga mai dawaki da yawa, bokiti ɗaya da aka yi musayarsa ya isa ya jawo dakatarwa, saboda haka a ware kayan ci, a rubuta duk maganin da aka bayar da ranarsa, a kuma gwada kowane sabon ƙarin abinci da jerin haramtattun abubuwa na hukumar.

Mataki na bakwai: tutar da za a hau wa

Bayan 'yan shekaru tambayar ƙasa takan taso. Dutton ya ci wa Ostiraliya zinaren tawaga a 1996 da 2000, ya zama ɗan Amurka a 2006, ya ci mata tagulla a Rio a 2016. Wasu kuwa sun shekara talatin a Ingila ba su sauya ba, kamar Nicholson. Dokar Olamfik ta ce wanda ya sauya ƙasa sai ya jira shekara uku daga ranar da ya wakilci ta farko a karo na ƙarshe, sai fa idan ɓangarorin da abin ya shafa sun yarda a rage. Mahayin ƙaramar ƙasa ya yi tunani sosai kafin ya saki tutarsa, domin tun daga gasar Tokyo mutum uku kacal ke cikin tawaga, kuma samun gurbi a Birtaniya ko Jamus ya fi wuya nesa ba kusa ba a kan samun ɗaya daga cikin guraben ɗaiɗaikun mahaya da FEI ke warewa kowane yanki na duniya bisa jerin maki, inda Afirka da Gabas ta Tsakiya suke rukuni ɗaya.

Doki ma yana da ƙasa a wannan doka: dole ne a yi masa rajista da sunan mai shi ɗan ƙasa ɗaya da mahayi kafin ranar da aka yanke, wadda a gasar Paris ta kasance 15 ga Janairun 2024. Mahayin da ke hawan dokin wani attajiri na ƙasar da yake zaune, kuma yake hangen Olamfik ta Los Angeles a 2028, ya kamata ya buɗe wannan magana da mai dokin tun yanzu, a rubuta yadda za a raba mallakar, da wanda zai yanke shawara idan wani ya zo da tayin saye ana saura 'yan watanni a rufe rajista.